Neman kalma: me za mu kira abin jan kare da ake sakawa a ƙirji?

Jama'a, ga wata kalma da nake so mu yanke mata hukunci. Abin nan da ake saka wa kare ya zagaye ƙirjinsa da bayan ƙafafun gaba, a maƙala igiya a gadon bayansa maimakon wuya, wanda Turawa ke kira harness. Masu fassara kowa da tasa: wani ya rubuta linzami, wani ɗamara, wani ya bar Turancin yadda yake. Alhali idan likitan dabbobi ya ce wa mai ƙaramin kare ya daina jansa da wuya, dole a sami sunan da mutum zai ji ya gane abin da aka ce ya nema.

Sai mun san aikin abin kafin mu raɗa masa suna. Maƙogwaron kare bututu ne da zobban guringuntsi ke riƙe da shi a buɗe. Kowane zobe siffar harafin C gare shi, ba ya haɗewa ta sama, siririyar tsoka ce ke rufe giɓin. A ƙananan karnuka irin su Yorkshire Terrier, Pomeranian, Chihuahua da ƙaramin Poodle, guringuntsin yakan yi laushi, zobban su lotsa, hanyar iska ta matse. Alamarsa busasshen tari ne mai ƙara da likitoci ke kwatantawa da kukan dinya, yana tashi in karen ya yi zumuɗi, ko yana shan ruwa, ko an ja shi da wuya. Asalin cutar daga raunin guringuntsin ne, amma matsin wuya yana tsananta ta. Chihuahua ba kasafai yake wuce kilo 3 ba. To ka duba babban mutum ya fizgi igiya, duk ƙarfin nan ya sauka a kan ɗan siririn wuya, daidai inda bututun yake.

Masu gajeren hanci kuwa, su Pug da Shih Tzu da Bulldog na Faransa, dama numfashi da ƙyar suke yi, ga idanu a waje. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, aka wallafa a 2006, ya nuna matsin cikin idon kare yana hawa idan aka ja shi ta wuya, amma bai hau haka ba da aka ja ta ƙirji.

Ke nan duk maganar a kan abu ɗaya take: ina nauyin jan yake sauka? Sunan da bai faɗi wannan ba, a wurina bai yi aiki ba.

Linzami ya faɗi tun a nan. Linzami a baki yake, ƙarfe ne da ake juya doki da shi, kuma da zafinsa yake aiki. Wanda ya ji an ce a saka wa kare linzami zai ɗauka wani abu za a cusa masa a baki. Takunkumi ma ba shi ba ne, wannan na hana cizo ne. Majayi ya ɗan matso, tunda yana zagaye ciki ta bayan ƙafafun gaba, sai dai aikinsa riƙe sirdi ne kuma babu ruwansa da ƙirji.

Wani malaminmu ya kawo shawarar a ce rigar kare. Allah ya ƙara sani, malam, na ga dalilinka, domin waɗanda ake yi wa ƙananan karnuka da yawansu na yadi ne mai taushi, ana zura ƙafa ta nan a zura ta can a ɓalla a baya. Amma akwai ainihin rigar sanyi da ake saka wa karnuka masu gajeren gashi, ranar da aka zo maganarta me za mu ce? Ɗamara kuma ta kugu ce. Ɗaurin ƙirji fa? Wannan mata sun riga mu, zane ne, kar mu sa mai karatu dariya.

Ni dai na tsaya a kan ɗan ƙirji. Ba ƙirƙira na yi ba, a kayan doki kalmar take, abin da ke kwanciya a ƙirjin dabba a ɗaure shi ta baya. Siffar ta yi daidai, gurbin ya yi daidai. Kuma ginin kalmar namu ne tsantsa: kamar yadda ɗan kunne yake abin da ake sawa a kunne, haka ɗan ƙirji. Gajere ne, yana shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba. A saka masa ɗan ƙirjinsa. Ɗan ƙirjin ya yi masa kaɗan. Jam'i kuma 'yan ƙirji.

Na san za a ce na doki ai na ado ne. Gaskiya ne. Amma linzami ma bai tsaya a bakin doki ba, yau makami mai linzami muke cewa ba wanda ke tambayar ina dokin.

Wannan ya warware mana na wuyan ma. Kwala ta riga ce, abin wuya kuwa hankali kan tafi ga sarƙar ado. Mu ce ɗan wuya, su zama tagwaye, mai ji ya gane bambancinsu daga sunan. Kuma ana buƙatar kalmomin biyu, domin ɗaya bai kori ɗaya ba. A Birtaniya, dokar 1992 ta wajabta wa kare a bainar jama'a ya ɗauki suna da adireshin mai shi a ɗan wuyansa ko a ɗan allon da ke rataye da shi. Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da ƙaramin kare ita ce: ɗan wuya mara nauyi don shaida, igiya kuwa a ɗan ƙirji.

Rassan ma suna fita da sauƙi. Ɗan ƙirji mai zoben baya shi ne na yau da kullum, ya fi dacewa da karen da ke tafiya a natse. Mai zoben gaba na mai ja ne, domin in ya zabura igiyar tana karkato shi wajenka. A nan masu sukar ɗan ƙirji suna da gaskiyarsu: ba ya koya wa kare daina ja, karnukan da ke jan kaya a kan ƙanƙara ai da ƙirji suke ja. Horo daban, kiyaye maƙogwaro daban. Wajen awo kuma, a auna kewayen ƙirji ta bayan ƙafafun gaba, a ɗaure yadda yatsu biyu za su shige ƙarƙashin madaurin. In ya yi sakwa-sakwa, ƙaramin kare da baya-baya yake sullewa. In ya matse, za ka ga gashin hamata ya fara zubewa, fatar ta yi ja.

Saura nau'i na uku, wanda ke zagaye hanci ya ɗaure a bayan kunnuwa. Wannan ba sai mun wahala ba, ragama ce, haka za mu kira ta. Ita kuma ba ta zama a fuskar Pug, babu hancin da za ta kama.