Tiyatar ƙara tsawo: in shiga, ko akwai wata hanyar?

Auwal

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon wanda zai amsa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya ce mini in yi haƙuri da yadda Allah ya yi ni. Ina gode masa dare da rana, sai dai abin yana ci mini rai.

Shekaruna 27, tsawona santimita 158, wato ƙafa 5 da inci 2. Lafiyata ƙalau, ina da sana'ata. Amma a wurin aiki baƙo zai shigo ya wuce ni ya nufi yaron da nake koya wa aiki, don shi ya ɗauka babba. In za a ɗauki hoto ni ake jawowa gaba. Wanda ya fi min ciwo shi ne maganar aure da ta yi nisa ta lalace. Yarinyar ta ɗan fi ni tsawo, ƙawayenta suka sa ta a gaba da tsokana, ta ja baya. Ba ta faɗa da bakinta ba, amma na san dalili.

Na daɗe ina karatu a kan tiyatar. Abin da na fahimta shi ne likita zai yanke ƙashin cinya, ya zura sandar ƙarfe cikin ramin ɓargo. Sandar tana da maganaɗisu a ciki. Bayan kamar mako guda sai ka riƙa ɗora wata na'ura a kan cinyar, sandar tana miƙewa milimita 1 a rana, jiki kuma yana cike gurbin da sabon ƙashi. Wadda aka fi sani ita ce Precice, da aka amince da ita a Amurka a 2011, kuma iyakar miƙewarta santimita 8. Ke nan zan iya kaiwa 166. Kuɗin da ake nema zai cinye duk abin da na tara, har da ƙari.

Akwai wanda ya taɓa yi, ko ya yi jinyar wanda ya yi? Allurar sinadarin girma ko motsa jiki za su yi wani abu a shekaruna? In da ku ne, me za ku yi?

Baba Sani

Wa alaikumus salam, ɗana. Ba zan ce maka damuwarka ba komai ba ce. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ni an ja mini ƙashi, amma ba don ado ba. Hatsarin mota na yi, ƙashin ƙwaurina na hagu ya ɗinke a gajarce, ina tafiya ina ɗingishi har ƙugu da baya suka fara ciwo. Aka sa mini irin ƙarfen nan na waje, mai zobba da wayoyi da suke ratsa nama su huda ƙashi su fito ta ɗaya gefen. Sunan wani likitan Rasha ya ci, Ilizarov, wanda ya ƙirƙiro shi a garin Kurgan na Saibiriya a shekarun 1950. Likitana ya ce shi ne ya gano cewa in ka ja da sauri ƙashi ba zai cike ba, in ka yi jinkiri kuma zai haɗe kafin a gama, shi ya sa aka tsaya a milimita 1 a rana, a raba shi huɗu. Da hannuna nake juya notunan, sau huɗu kullum, har da na cikin dare.

Ranar tiyata ba ita ce wahalar ba. Wahalar tana zuwa ne a makonnin ja, lokacin da nama ya fara gane cewa ana miƙe shi. Wani irin zogi ne mai nauyi da ba ya sauka, magani ya rage shi amma bai kore shi ba, barci kuma sai dai a saci kaɗan. Wuraren da wayoyin suka shiga suna yin ruwa, wani lokaci mugunya, kullum sai an wanke. Na san sandar cikin ɓargo ta raba mutane da wannan ɗawainiyar ta raunuka, amma ba ta raba su da jan naman ba.

Ga abin da nake so ka riƙe. Ni ƙafa ɗaya aka taɓa, ina da ta dama lafiyayya da nake dogara da ita in shiga banɗaki. Kai duka biyun za a yanke a rana ɗaya. Ka tambayi kanka wa zai ɗaga ka, wa zai kai ka asibiti kusan kullum, wa zai riƙe maka sana'a. Ni na shiga da gurguwar ƙafa na fito da mai aiki, don haka ban taɓa nadama ba. Da ƙafafuna biyu daidai suke, ba zan miƙa su ga wuƙa ba.

Bash

Baba, da girmamawa, kada mu tsorata shi ya wuce kima. Mutane suna yi suna tashi, suna komawa aikinsu, kuma wanda ya kai tsawon da bai taɓa jin an raina shi ba ba zai gane abin da Auwal yake faɗi ba. Ana gyara haƙora, ana dashen gashi, babu mai cewa komai.

Auwal, ni abin da zan ce shi ne in har za ka yi, kada arha ta ja ka. A 2006 ƙasar Sin ta hana yin wannan tiyatar don ado kawai, saboda yawan waɗanda aka nakasa a hannun waɗanda ba su ƙware ba. Ka nemi likitan ƙashi wanda jan ƙashi shi ne aikinsa na yau da kullum, ka tambaye shi me yake yi in ƙashi ya ƙi cikewa, kuma wa zai biya tiyata ta biyu. In kuɗinka na tiyatar farko ne kawai, to ba su kai ba tukuna.

Maman Hanif

Ƙanena Auwal, aikina gashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya bayan karaya da tiyatar ƙashi, don haka bari in fara da tambayoyinka masu sauƙi.

Allurar sinadarin girma ba za ta ƙara maka komai ba. Tsawo yana fitowa ne daga wani guringuntsi da ke kusa da ƙarshen dogayen ƙasusuwa, kuma yana rufewa ya zama ƙashi bayan balaga, galibi kafin namiji ya kai 20. Mutane suna kawo misalin Messi, amma shi yana yaro aka gano jikinsa ba ya samar da isasshen sinadarin, aka yi masa allurar tun kafin guringuntsin ya rufe. Babba in ya yi ta, hannu da ƙafa da muƙamuƙi ne za su yi kauri, ga haɗarin ciwon suga. Lilo a jikin ƙarfe da miƙe jiki suna gyara tsayuwa, hakan kuma yana da amfani, amma ƙashi ba ya ƙaruwa. Duk mutum ya fi tsawo da safe da santimita 1 zuwa 2, saboda faifan da ke tsakanin ƙasusuwan baya suna matsewa da rana. Masu tallar maganin ƙara tsawo da wannan bambancin suke yaudarar mutane.

Yanzu tiyatar. Bash, dashen gashi da wannan ba ɗaya ba ne, kuma dole in faɗa. Ƙashi shi ne mai sauƙin kai a cikin lamarin, don in an bi shi a hankali yana tsirowa. Tsoka da jijiyoyi ne suke turjiya. In aka ja cinya, gwiwa tana ƙagewa ta ƙi lanƙwashewa ko ta ƙi miƙewa sosai. In ƙwauri ne, agara tana ɗaurewa har dunduniya ta kasa taɓa ƙasa, mutum ya koma tafiya a kan yatsu. Akwai jijiyar da ta zagaya ta gefen gwiwa ta waje, wadda take ɗaga tafin ƙafa sama. In jan ya yi mata yawa sai a fara jin ƙuna ko mutuwar fata, in aka yi sakaci ƙafar ta riƙa faɗuwa wajen tafiya. Shi ya sa gashi da miƙe tsoka na kowace rana ba zaɓi ba ne, kuma da zafi ake yin sa. Sannan akwai abin da ke iya kisa, ko da ba kasafai ba: kitsen ɓargo ya shiga jini lokacin da ake rarake ramin ƙashi ya toshe huhu, ko jini ya daskare a ƙafa ya tafi huhu.

Ka yi lissafin lokaci da kanka. Santimita 8 kwana 80 ne na ja kawai, in komai ya tafi daidai. Bayan nan sabon ƙashin yana da taushi, sai an ƙara watanni kafin ya ɗauki nauyinka, kana kan keken guragu ko sanduna. Tafiya ba tare da rangaji ba tana ɗaukar kusan shekara ga mutane da yawa, gudu da tsalle sun fi haka, wasu kuma ƙarfinsu na da ba ya dawowa duka. Bayan shekara ɗaya zuwa biyu a sake kwantar da kai a cire sandunan. An taɓa fito da wata sandar mai suna Stryde, ta baƙin ƙarfe mai ƙarfi da za a iya takawa da wuri, aka janye ta daga kasuwa a 2021 saboda tsatsa da illar da aka gani a ƙashi. In kana shan taba, ka sani tana hana ƙashi cikewa.

Ga abin da nake ba ka shawara ka fara yi, don shi ana iya komawa baya. Ka sami takalmi mai tudu a ciki, wanda daga waje ba a ganewa, mai ƙara santimita 5 ko 6. Kusan abin da wuƙa za ta ba ka ke nan. Ka sa shi wata shida, ka sa tela ya yanka maka kaya daidai jikinka, ka gina kafaɗa da baya da motsa jiki don tsayuwarka ta miƙe. Sai ka lura: baƙon nan ya daina wuce ka? Nauyin da ke ƙirjinka ya sauka? In a 164 ka ji sarai, ka samu abin da kake nema da ƙafafunka lafiya. In kuma a 164 idonka yana kan masu 175, to tiyata ma a nan za ta bar ka.

Auwal

Na gode ƙwarai Baba, na gode Bash, Anti Allah ya saka. Maganar ƙafa biyu a rana ɗaya ta tsaya mini, don mahaifiyata ce kaɗai za ta yi jinyata, ita kuma ba ƙarfi gare ta ba.

Anti, takalmin ina jin nauyinsa, don ina ganin ranar da na cire shi a gaban mutane kunyar za ta fi ta da. Amma zan gwada. Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Kusan kowace safiya sai na auna kaina a jikin bango, duk wanda na haɗu da shi kuma kafin mu gaisa na riga na ƙiyasta tsawonsa. Taron da na san za a tsaya a tsaye ina guje masa. In na rage buri zuwa santimita 5, haɗarin zai ragu sosai?

Maman Hanif

Zai ragu, musamman ƙagewar gwiwa da matsalar jijiya, don su yawan jan ne ke kawo su, kuma kwanakin ja za su koma 50. Amma haɗarin ranar tiyata yana nan yadda yake: yanka ɗaya ne, rarake ɓargo ɗaya ne, cire sanda daga baya ma yana nan.

Abin da ka faɗa na awo kullum da gudun taro shi ya fi ɗaukar hankalina, kuma na ji daɗi da ka faɗe shi. Akwai lalurar da likitocin ƙwaƙwalwa suka sani, inda tunanin mutum yake maƙalewa a kan wani sashe na jikinsa har ya hana shi sakewa. Ba hauka ba ne, ba kuma raunin zuciya ba ne. Masu ita in aka yi musu tiyatar ado yawanci ba sa samun natsuwa, damuwar takan dawo ko ta koma wani wurin. Ba daga nan zan ce kana da ita ba, wannan aikin wanda zai zauna da kai ne. Ana magance ta da zaman tattaunawa da ƙwararre, inda ake koya wa mutum rage awon da komawa wuraren da yake gudu a hankali, wani lokaci a haɗa da magani. Likitocin ƙashi masu kula ma sukan nemi a yi wannan binciken kafin su yarda su taɓa lafiyayyar ƙafa.

Don haka ka fara da ganin masanin halayyar ɗan'adam, ka gaya masa daidai abin da ka rubuta mana a nan. Ka haɗa da gwajin takalmin a lokaci guda. Kuɗinka kuma ka bar su inda suke, tunda ƙashin mai shekara 28 yana cikewa kamar na mai 27. In ka je ka dawo ka faɗa mana yadda kuka yi.