Kwalba a Yatsan Tsakiya: Musayar Baitoci kan Bonnie Raitt

Tsohon Makaɗi:
Salamu alaikum. Ga buɗi, wanda ya san jita ya ɗora.

Ku ba ni fili, zan yabi Bonnie Raitt,
Mai jan gashi, gwanar buluz (kiɗan baƙaƙen Amurka) da tsirkiya.

A 1949 aka haife ta, a Burbank ta Amurka,
Ɗiyar John, mawaƙin dandali mai zaƙin murya.

Tana da takwas aka ba ta jita kyauta,
A 1971 faifanta na fari ya kama hanya.

Fender Stratocaster ce jitarta, tsohuwa, ruwan ƙasa,
Ta lantarki, mai jan amo kamar ana jan igiya.

Wasu na tsere a wuyan jita kamar an koro su,
Ita sauti guda take riƙewa sai ya isa zuciya.

Asirin na wuyan kwalba ne, gilashi zalla,
Ku dubi hannun hagu: yana yatsan tsakiya, tana jan sa kan tsirkiya.

Mai Gurmi:
Baba, buɗi ya yi kyau, amma ka tsallake saiti. Kwalba ba ta magana sai an juya tsirkiya.

Tsirkiya shida ne, daga mai kauri zuwa siririya,
Sautinsu E, A, D, G, B, E, haka aka saba ɗaurewa.

Wanda ta fi yi, buɗaɗɗen A ake ce masa,
Uku za ka ƙyale, ukun kuwa sai ɗamewa.

Ta huɗu daga D zuwa E, ta uku daga G zuwa A,
Ta biyu daga B zuwa C#, nan ne wurin tsayawa.

Ka share su duka ba ka danna ko ɗaya ba,
Ka ji sun haɗa baki, babu mai karkacewa.

Sai dai ɗamewar nan ba ta rasa haɗari,
Ta ukun ce ke fara tsinkewa.

A jitar katako kuma nauyin wuya yake ja,
Yau da gobe ka tarar yana lanƙwasawa.

Inna Mai Baiti:
Ɗana, ka faɗi ciwo ka tafi da magani a aljihu.

Maganin tsinkewa a sassautawa yake,
Ta shida, ta biyar da ta ɗaya, sauke su ƙasa.

D, G, D, G, B, D, buɗaɗɗen G ke nan,
Wuya ya huta, ba abin da ke matsa masa.

Sai ka maƙala kafo, mai danne tsirkiya duka, a gaɓa ta biyu ta wuyan jita,
A ɗin da kake nema ya dawo da kansa.

Amma kafo na kwantar da tsirkiya dab da itace,
Don haka gadar jitar a ɗaga ta kaɗan bisa.

Kuma mai kauri za ka saya, kar ka yi ƙyashi,
Siririya kwalba na hawanta take nutsa.

Duk mai kunnen goge zai gane abin da wuri: can ma babu ƙarfen da ke tsare sauti, kunne ne alƙali.

Ɗan Auta:
Inna, Yaya Mai Gurmi, a yi mini uzuri, tambaya biyu.

Da yawan masu kwalba ƙaramin yatsa suke sa wa,
Uku su rage na dannawa, shi ne abin da aka sani.

Me ya kai ta na tsakiya, ya raba hannu gida biyu?
Ko da wata riba da ta ɓuya ga mai gani?

Na biyu, Baturiya ce, kuma rediyo na son ta,
Buluz na baƙaƙen Misisipi ne, ina gadonta a fanni?

Mai Gurmi:
Ta farkon tawa ce, ƙanena.

Da kunne ta fara, daga faifai, ba mai nuna mata,
Yatsan da ya zo mata ta sa, ta zauna a haka.

Ribarsa ƙarfi da saiti, na tsakiya ba ya rawa,
Manuni na bayansa, shi ne mai gadin aikinka.

Kwantar da shi a tsirkiya, bayan kwalbar, sannu,
Ka ɗage shi, amon baya ya dagula sautinka.

Kwalba kan ƙarfen gaɓa take tsayawa, daidai kansa,
Ba tsakanin biyu ba, inda ka saba sa yatsanka.

Ka tsaya baya kaɗan, sautin bai kai ba,
Wanda bai san jita ba ma sai ya yamutsa fuska.

Kar ka danna, ɗora kawai, kamar mai shafa kan jinjiri,
Ka ji ƙwas-ƙwas, ƙarfe ka buga, rage nauyin hannunka.

Zagayen buluz awo 12 ne: huɗu a sake, biyu a gaɓa ta biyar,
Biyu a sake kuma, kana ƙirge da ƙafarka.

Ɗaya a ta bakwai, ɗaya a ta biyar, biyu ka koma gida,
Gaɓa ta 12 kuwa can take hawa in jitar za ta yi kuka.

Girgizarta ba rawar ɗari ba ce, lilo ne,
Daga ƙasa take iske sauti, ta riƙe, ta bar wa iska.

Tsohon Makaɗi:
Auta, ta biyun ka bar wa tsoho.

Ba ta taɓa cewa gadon nata ne ba, masu shi take ambata,
Fred McDowell na Misisipi, shi ya ƙara goge hannunta.

Sippie Wallace, mawaƙiyar da ta yi tashe tun shekarun 1920,
Bonnie ta jawo ta dandali, aka sake jin muryarta.

A 1983 kamfanin faifai na Warner ya sallami Bonnie,
Kasuwa ta ja baya, ba ta ajiye kwalbarta.

Faifanta Nick of Time ya fito 1989, a 1990 lambar yabo ta Grammy huɗu dare guda,
Ɗaya da John Lee Hooker, dattijon da ya yarda da ita.

Na yarda, wasu waƙoƙin sun yi laushi, sun bi rediyo,
Jira ta ɗaga kwalba ka ji inda aka yanke cibiyarta.

Inna Mai Baiti:
Malam, ka manta guda.

Memphis Minnie ta Cikago, da ta riga Bonnie riƙe jita,
Ta rasu 1973, aka binne ta a Walls ta Misisipi, ƙaramin gari.

Shekara 23 babu dutse mai suna a kanta,
Sai 1996 Bonnie ta biya aka kafa a kabari.

Ɗan Auta:
Na karɓa, Inna. Saura ɗaya, Yaya: gilashi ko ƙarfe?

Mai Gurmi:
Ƙarfe na da kaifin amo, yana jan sauti ya daɗe,
Gilashi ya fi taushi, amma mai kauri, ba fayau ba.

Wuyan kwalba miƙaƙƙe ka nema, tsawon yatsa,
Mai doro ba zai taɓa shidan a tare ba.

In an yanke, a goge bakin da sanfefa cikin ruwa,
Sai ya yi sumul. A yi ganda, yatsa ba zai yafe ba.