Haɗa tsofaffin fina-finan Jamus marasa magana da kiɗan rok mai duhu: me ya yi, me ya ɓaci?

Baban Ummi: Salamu alaikum. Waɗanda suka taɓa kashe sautin Nosferatu, fim ɗin maye mai shan jini na darakta Murnau, wato na 1922, suka ɗora masa kiɗan ƙungiyoyin rok irin su Bauhaus ko The Cure, ku zo mu tattara abin da aka gani. Ba yabon fim ake nema ba, tambayar ita ce wanne kwafi, wanne kiɗa, kuma a ina abin yake watsewa?

Garba Mai Majigi: Wa alaikumus salam. Kafin a zo kan kiɗa a fara duba tsawon kwafin, don a nan yawanci ake faɗuwa. Gyararren kwafi yana kai wajen minti 94, ana juya shi a kan hoto 18 cikin sakan guda. Da yawa daga na intanet an sake su a kan 24, saurin ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku, fim ya dawo minti 70 ko kusa. Sai ka ga mutane na tafiya kamar an biyo su da bulala, kiɗa mai nauyi kuma yana jan ƙafa a baya, abin ya koma wasan dariya. Maganinsa a sa sauri a kan 0.75, tunda kashi uku cikin huɗu na 24 shi ne 18.

Amma kada a auna saurin da wurin keken doki a hanyar gidan Orlok, wato mayen fim ɗin. Wannan da gangan aka ɗauke shi da sauri don ya ba da tsoro. A auna da farkon fim, inda wata mata take wasa da kyanwa a bakin taga. In motsin hannunta na mutane ne, an dace. Wani kwafin kuma gajartarsa ta yanka ce ba ta sauri ba, in ka rage masa gudu ka ƙara ɓata shi.

Hajiya Asabe: Malam Garba ka bar maganar rini, kuma ita ce babba a wurina. Wuraren dare na waje da rana tsaka aka ɗauke su, sannan aka rina fim ɗin da shuɗi don mai kallo ya san dare ne. Rana ruwan ɗorawa, ketowar alfijir ruwan hoda. A kwafin da yake baƙi da fari zalla za ka ga mayen yana ratsa gari rungume da akwatin gawarsa cikin hasken rana, alhali labarin duka ya rataya ne a kan cewa rana ke kashe shi. Ba kiɗan da zai ɗinke wannan ɓarakar. Rinin kuma shi ke nuna maka inda za ka canza waƙa: shuɗi ya shigo, bes, wato jita mai kaurin sauti, ya shigo. A bar hoton a kan 4:3. In talabijin ta buɗa shi ya cika allo, Orlok ya yi ƙiba, ramarsa kuwa ita ce rabin abin tsoron.

Ɗan Damagaram: Hajiya gaskiya ne. Sai kiɗan. Kuskuren kowa shi ne ɗauko waƙoƙin da yake so ya jera su. Fim mara magana yana da allunan rubutu, ido na karatu, kunne kuma ga mawaƙi yana rera wani zance dabam, dole ɗaya ya sha ƙasa. Abin da ya zauna daram shi ne Carnage Visors na The Cure, kiɗa zalla na wajen minti 27 da ya fito a bayan kaset ɗin Faith a 1981. Dama don fim aka yi shi, ba ya gaggawa, ba ya neman a saurare shi shi kaɗai. Ya ɗauki tafiyar Hutter, saurayin da aka aika wurin Orlok, zuwa duwatsu har daren farko a gidan mayen ba tare da an taɓa komai ba.

Bela Lugosi's Dead na Bauhaus, na 1979, ya haura minti tara, kuma murya ba ta shigowa sai an ci kusan minti uku. Wannan farkon, ƙwanƙwasar gefen ganga da amsa-kuwwa irin ta kiɗan dub na Jamaika, sai bes mai saukowa a hankali, shi ya dace da wurin jirgin ruwan da ya ɗauko mayen, daga inda ake buɗe akwati ɓeraye su fito. A yanka shi kafin muryar, a maimaita in bai isa ba.

Yaya Sani: Ƙanena ban yarda da yanka muryar gaba ɗaya ba. A cikin jirgi allunan rubutu ba su da yawa, kuma lokacin da Orlok ke miƙewa daga akwati a sandare kamar katako, muryar Peter Murphy, mawaƙin Bauhaus, tana faɗa masa daidai. Ƙungiyar Joy Division ce dai ban ga sun yi ba. Unknown Pleasures nasu faifai ne na birni, na Manchester da masana'antu, gangarsa a bushe kamar inji, har da ƙarar fashewar gilashi Martin Hannett, wanda ya haɗa faifan, ya saka. Nosferatu kuwa fim ne na iska da teku da duwatsu. In dole sai Joy Division, a kai su fim ɗin Metropolis na 1927, wurin ma'aikata da injuna.

Ɗan Damagaram: Yaya Sani, na karɓi ta Joy Division. Ta muryar dai kowa ya gwada ya gani. Amma a tuna da Metropolis ɗin da Giorgio Moroder ya fitar a 1984 da waƙoƙin su Freddie Mercury da Bonnie Tyler. Yau in ka kalle shi, shekarun 1980 kake ji ba 1927 ba. Murya ce ke saurin tsufa.

Garba Mai Majigi: Wani tarko: in ka haɗe kiɗan da fim a fayil guda sannan ka rage sauri a manhajar kallo ta VLC, kiɗan ma zai ja. Ko dai a gyara saurin tun kafin haɗawa, ko a kashe sautin fim a kunna kiɗan daga wata na'ura. Bluetooth ba matsala ba ne a nan, jinkirinsa na ɗan ɓangaren sakan ba ya nunawa tunda ba leɓen da ake bi. Lasifikar waya ce ba ta yi. Igiyar bes mafi kauri tana wajen 41 Hz, waya ba ta kusantar nan, sai ka ji ganga da jita kawai, ƙashin bayan kiɗan ya ɓace. A samo lasifika mai akwati ko abin kunne mai rufe kunne. Fim ɗin kashi biyar ne, a yi fayil biyar na kiɗa a manhajar gyaran sauti ta Audacity, kowanne ya fara da allon kashinsa. Ko an ɗauke wuta a tsakiya, daga allon za a ci gaba ba sai an koma farko ba.

Hajiya Asabe: A kashe saitin nan na talabijin mai santsar da motsi, yana ƙirƙiro hotunan da ba a ɗauka ba. Sannan kada a gwada wannan haɗin da Dracula na 1931. Shi yana da magana, kuma kusan ba kiɗa a cikinsa sai na buɗewa, shirun ne ƙarfinsa. Ko a Nosferatu ɗin, wurin da inuwa ke hawa bene tana miƙa yatsu zuwa ƙofa, a sauke kiɗan a hankali cikin sakan goma har ya mutu, a bar ɗakin shiru har zakara ya yi cara.

Baban Ummi: To fim ɗin Caligari na 1920 fa? Inuwarsa da fenti aka zana ta a bango, ban san kiɗan da zai zauna mata ba.

Yaya Sani: Shi kashi shida ne, kuma surutunsa a rubuce ya fi yawa, don haka a nan na bi Ɗan Damagaram, kiɗa zalla. A fara gwaji da wurin da Cesare, mai tafiya cikin barci, ke bin bango cikin dare, in ya zauna a nan sai a auna sauran.