Muhawara: Laurence Olivier gwanin dandali ne kawai, ko har da kyamara?

Malam Habu: Ga abin da nake so mu tattauna. Olivier, shahararren ɗan wasan kwaikwayo na Birtaniya, ɗan dandali ne, kuma abin da ya yi a fim bai kai rabin sunansa ba. Hujjata fim ɗin Othello na 1965, wasan da marubucin Ingila Shakespeare ya rubuta. Ido a zazzare, hannu a sama, murya kamar mai shela a kasuwa. An gina wasan nan ne don zauren Old Vic na Landan mai cin mutum wajen dubu, inda na kujerar ƙarshe dole ya ji kowane harafi. Da aka kawo kyamara daf da fuskarsa sai komai ya yi yawa.

Hajiya Binta: Haba Malam, ai ka zaɓi mafi raunin ne. Darakta Stuart Burge ya kwashi wasan da National Theatre ta yi a 1964 ya ɗauke shi kusan yadda yake, ba a sake masa gini don fim ba. Duba Hamlet na 1948 da Olivier ya ba da umarni da kansa. Cikakken rubutun Shakespeare yana cin wajen awa huɗu, shi ya mayar da shi kusan biyu da rabi, ya cire mutum uku na cikin labarin, Rosencrantz da Guildenstern da Fortinbras, gaba ɗaya. A wuraren da Hamlet ke zancen zuci, sau da yawa bakinsa a rufe yake, an ɗora muryar daga baya. Wanda bai san kyamara ba wannan dabarar ba za ta zo masa ba. Fim ɗin ya ci Oscar na fim mafi kyau, shi kuma na jarumi.

Sagir: Baba Habu yana da gaskiya, amma iyakarta 1939. A dandali numfashi daga ciki ake ɗauko shi, a danna ƙarshen kowane baiti, don kalmar ƙarshe ce ke faɗuwa kafin ta kai bayan zaure. A fim makirufo na rataye saman kanka, ko haɗiyar yawu yana ji. Ka ɗaga murya ba zato, sauti ya fashe, a sake ɗauka. Ga alamar da ake mannawa a ƙasa: ka wuce ta da taƙi ɗaya a ɗaukar kusa, fuskarka ta dushe. In ka ɗaga kofi da dama a kan wata kalma a ɗaukar nesa, dole ka maimaita daidai a ta kusa, in ba haka ba mai tacewa ba zai iya haɗa su ba. Mafi wuya, ɗan dandali ya saba wasa ya tashi daga farko yana zafi a hankali, a fim kuwa ana iya ɗaukar mutuwarka kafin gaisuwar farko. Olivier ya sha kaye a nan: a 1933 an sauke shi daga Queen Christina na Greta Garbo. Darakta William Wyler ne ya yi ta sa shi maimaita fitowa a fim ɗin Wuthering Heights na 1939 har ya rage wuce gona da iri, kuma shi kansa ya amsa daga baya cewa Wyler ne ya sa ya girmama fim.

Malam Habu: To ɗana, in ya koya a 1939, me ya mayar da shi gidan jiya a 1966? A fim ɗin Khartoum ya fito a Mahadin Sudan, Muhammad Ahmad, fuska a shafe da baƙi, da wani lafazi na ƙirƙira. Har an nuna shi yana ganawa da Janar Gordon na Birtaniya mai tsaron Khartoum, alhali ba su taɓa haɗuwa ba kafin faɗuwar birnin a 1885.

Malama Rabi: Matsalar a hanyar aikinsa take. Daga waje yake fara gina mutum: hanci, tafiya, murya, sannan ya nemi zuciya. A Richard III na 1955 hanyar ta ci, da hancin roba da ɗingishi da juyowa ya kalli kyamara yana gaya mana makircinsa, domin Richard kansa mai wasa da mutane ne. A Othello, da yake jarumin labarin baƙar fata ne shi kuma Bature, shafa masa baƙin fenti a jiki yakan ci fiye da awa biyu kafin kowane wasa, ya kuma yi ta horar da muryarsa ta yi ƙasa. Nisan dandali yana ɓoye fenti, kyamara kuwa tona shi take. Kuma kada a ce babu baƙar fata da zai iya: Paul Robeson, baƙar fata ɗan Amurka, ya yi Othello a Landan tun 1930, ya sake a Stratford ta Ingila a 1959. Wannan aibi ne, ba na kare shi.

Hajiya Binta: Ni ma ban kare ba, Malama. Amma a kalli Marathon Man na 1976, inda ya fito a likitan haƙori ɗan Nazi mai azabtar da mutum, yana jera kayan aikinsa a nitse, yana maimaita tambaya ɗaya da sanyin murya. Tsoron duk daga rashin motsin yake fitowa.

Malam Habu: Lokacin ciwo ya ci ƙarfinsa, Hajiya, ya bar dandali tun 1974. Rashin ƙarfi ne ya rage shi, ba zaɓi ba.

Sagir: Baba, a fim ɗin Rebecca na darakta Hitchcock a 1940 shekarunsa 32 zuwa 33, da ƙarfinsa cif. Nemi fitowar da yake faɗa wa amaryarsa yadda matarsa ta farko ta mutu, a ɗan gidan bakin teku. Kyamara ta bar shi tana bin ɗakin, muryarsa kaɗai ke riƙe da labarin, kuma ba da ihu ya riƙe shi ba. Kalle ta ka gaya mana ko ciwo ne ya sa.