Inshorar kayan aiki ga mai ɗaukar hoton biki

Mai Hoto Fagge: Assalamu alaikum. Ina ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwa, ba ni da ubangida, kamara biyu da kwamfuta su ne jarina. Wani wakilin kamfanin inshora ya kawo min ta gobara da sata. Amma fa kayana ba sa kwana a shago, yau Zariya gobe Katsina. Wacce ta dace da ni? Kuma ba na son abin da ke da kuɗin ruwa a ciki.

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, wadda aka kawo maka adireshin shago kawai take karewa. In aka ɗauke kamara a wurin dina, ba za ka ga ko sisi ba. Nemi wadda ke bin kayan duk inda ka kai su, a rubuta lambar kowace kamara a takardar. Kada ka rage kimar kaya don kuɗin shekara ya yi sauƙi: in ka rubuta rabin farashi, rabin asarar za a biya ka. Ga dala ta tashi, sai ka riƙa sabunta kimar duk shekara.

Hajiya Mai Ɗinki: Batun kuɗin ruwa, akwai takaful, wato inshorar Musulunci, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful. Gudummawa ake zubawa a asusu ɗaya, in an samu rara a raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Da ita na kare kekunan ɗinkina.

Abu Sadik: Ka duba sunan kamfanin a jerin masu lasisin NAICOM, hukumar kula da inshora ta Najeriya, tukuna. Ka tambayi nawa ne kason da kai za ka ɗauka daga kowace asara. Rasit kuma ka adana, domin za a nema tare da rahoton 'yan sanda.

Mai Hoto Fagge: Na gode. To wanda ya sayi kamara ta hannu ba rasit fa?