Idan Windows ta ƙi ganin faifan ajiya wurin girka ta a kwamfuta: abin da aka tattauna

An tattauna kan abin da za a yi idan ana girka Windows ta ƙi nuna faifan ajiya. Na bi bayanan kowa, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda cewa idan aka iso wurin zaɓen faifai aka tarar da fili fayau, yawanci ba faifan ne ya mutu ba, direban na'urar da ke sarrafa shi ne babu (direba ƙaramar manhaja ce da ke sa Windows ta gane na'ura). An fi ganin haka a kwamfutocin Intel ƙarni na 11 zuwa sama masu VMD (wata fasahar Intel ta sarrafa faifan ajiya).

2. Maganin da aka fi ambata: a sauko da direban Intel RST (direban Intel na faifan ajiya) daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a warware shi, a zuba a filashi, sai a danna Load driver a wurin zaɓen faifan. Nan mutane da yawa suka yi tuntuɓe, domin fayil mai .inf ake nema, ba .exe ba.

3. Inda aka rabu: wasu sun ce a shiga BIOS (saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi) a kashe VMD ko a koma AHCI (tsarin haɗa faifai na yau da kullum), a huta. Wasu suka ja kunne cewa idan akwai Windows a kan faifan, canjin kan jawo shuɗin allo mai INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, BitLocker (tsarin Windows na kulle faifai) ma yana iya neman makullinsa, wato lambar buɗe faifan. Ni dai ina tare da masu jan kunnen, don Allah a adana makullin tukuna. Mai RAID na gaske (wanda ya haɗa faifai da yawa suna aiki kamar ɗaya) kuwa kada ya taɓa wannan saitin.

4. Masu girka Ubuntu (wani tsari ne madadin Windows) sun ce AHCI ne ya fisshe su.

5. Idan BIOS ɗin kansa bai ga faifan ba, a duba zamansa a soket.