Engraving ba zane kawai ba ne, ni dai na tsaya a kan "bugun tsaga"

Jama'a, ku taimaka mu kashe wannan magana. Ina fassara bayanin wasu tsofaffin hotunan Turai na tafiye-tafiyen teku, sai kalmar Ingilishi engraving ta tare mini hanya. Na tambaya nan da can, amsoshi uku suka fi yawa: zane, sassaƙa, da hatimi. Dukansu sun taɓo wani abu, amma babu wadda ta riƙe shi duka.

Bari in fara nuna muku abin, don kada mu raɗa wa jariri suna ba mu gan shi ba.

A 1590, a birnin Frankfurt na Jamus, Theodor de Bry ya buga littafin Thomas Harriot kan yankin da Turawan Ingila suka kira Virginia, a harsuna huɗu: Latin, Jamusanci, Faransanci da Ingilishi. De Bry haifaffen Liège ne, a ƙasar Belgium ta yau, a 1528, kuma asalin sana'arsa ƙirar zinariya. A wurinmu maƙerin fari ke nan. Ku riƙe wannan, don shi ne kan zancen. Mutumin da ya saba yi wa ƙarfe ado da tsini shi ne ya koma yin hotunan littafi.

Ga yadda ake aikin. A samo farantin jan ƙarfe a goge shi har ya yi sulɓi kamar madubi. Sai mai aikin ya ɗauki wani ɗan ƙarfe mai tsini, ƙotarsa ta katako tana zaune a tafin hannu, ya riƙa tura shi gaba yana tsaga jikin farantin, siririn ƙarfe yana nannaɗowa a bakin tsinin. Inda yake son duhu sai ya jera tsaga kusa da kusa, ko ya gitta wata a kan wata. In ya gama, a shafe farantin da tawada mai kauri, a danna ta cikin ramukan, sannan a goge saman fes har da gefen tafin hannu. Tawadar da ta maƙale a cikin tsagar ita kaɗai ta rage. A ɗora takarda mai danshi, a tura su tsakanin gungume biyu masu matsewa, takardar ta shiga ramukan ta tsotso tawadar. Shi ya sa in ka riƙe bugun asali za ka ga shatin gefen farantin ya lotsa takardar. Kuma komai a juye yake fitowa, dama ta koma hagu, don haka ko rubutu a baibai ake tsaga shi.

To, malamar da ta ce "zane", ban ƙi ta taki ba, Malama, amma zane ya yi faɗi. Abin da yaro ya yi da fensir zane ne, na jikin ƙwarya zane ne, har na ɗaurawa. Sassaƙa kuwa ta turmi ce da kujera da ƙota, gizago ake ji a cikinta. Gara a bar ta wa ɗayan salon bugun, wanda ake fafe katako a bar layukan a tsaye su ɗauki tawada. Hatimi ya fi kusa, tun da shi ma a baibai ake yin sa, sai dai hatimin ofis da muka sani tudunsa ke ɗaukar tawada, a nan kuwa rami ne.

Ni abin da ya faɗo mini shi ne wanzami. Tsagar kwalliya: a tsaga da aska, a cusa baƙi a ciki, a goge sama, abin da ya shiga ya zauna. Aikin ke nan, sai dai a jikin ƙarfe. Don haka farantin shi ne farantin tsaga, takardar da ta fito daga gare shi bugun tsaga, mai sana'ar kuma mai tsagar ƙarfe. Na so in ce "tsagar tagulla", amma masu labarin wasanni sun riga sun kai tagulla wurin lambar wanda ya zo na uku, kada a rikita mutane.

Wani dattijo ya ce mini tsaga tana tuna masa jini da kukan jariri. Ranka ya daɗe, haka ne, amma da an ce "bugun" a gaba, kowa ya san takarda ake nufi.

Saura maganar launi, kuma a nan ne nake ganin ana cutar masu saye. Bugun tsaga baƙi da fari yake fitowa. Tun a wancan zamanin akwai masu kuɗin da ke biya a bi musu shi da buroshi a cike da launin ruwa, kwafi ɗaya bayan ɗaya. Wannan in kira shi bugun tsaga mai cikon launi. An ba ni shawarar "zayyana", na kuma ji daɗinta, amma zayyana ta allon sauka ce da gefen Alƙur'ani, ban son jawo ta nan.

Abin da ake tallatawa yau kuwa daban ne. Mai fenti ne zai kalli hoton bugun ya sake yin sa da fentin mai a kan kyalle. Babu faranti, babu tsaga, babu matsi. Sunansa kwafin fenti, ko da hannu aka yi shi. Ba jabu ba ne muddin an faɗi abin da yake.

Kuma ku duba nisan da ke tsakaninsa da abin da ido ya gani. John White ne ya je gaɓar Amurka a 1585 ya zana mutanen wurin da launin ruwa, zanen nasa suna gidan tarihi na Birtaniya a Landan. De Bry bai taɓa taka Amurka ba. Da ya zo tsaga zanen White don littafin Harriot sai ya murɗa wa mutanen jiki, ya ba su ƙira da tsayuwa irin ta gumakan Girka da Rum. Hotonsa na saukar Columbus a tsibiran Amurka, mai jirage uku a baya, wasu na kafa gicciye, 'yan ƙasa na miƙo kyaututtuka, a 1594 ya fito, shekara 102 bayan saukar. Bayan rasuwar de Bry a 1598 iyalinsa suka ci gaba da buga jerin littattafan tafiye-tafiyen har 1634, jerin da ya haɗa da Kongo da gaɓar da yau take Ghana. Wanda ya rataya kwafin fenti na ɗayan waɗannan a falonsa, launin da ke ciki zaɓin mai fentin jiya ne, ƙirar jikin kuma ta maƙerin Frankfurt ce.

Kalma ɗaya ta rage mini: etching, inda ake shafe farantin da kakin kariya, a karce hoton da allura, ruwan asid ya cinye inda aka karce. Na rubuta "bugun cin asid" na goge, na sake rubutawa. Maƙeran fari da ke cikinmu, me kuke ce wa irin wannan a maƙera?